Agogon da Ba a Mayarwa Baya

A ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin shagon tela da na mai sayar da cajar waya, akwai wani ɗan lungu da mutum biyu ba sa iya wuce juna a ciki sai ɗaya ya tsuke tumbi. Nan ne shagon mai gyaran agogo, wanda duk layin suka manta sunansa na gaskiya suke ce masa Baba Saura Kiris. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. In an kira shi da shi amsawa yake yi, har ya ƙara da cewa ai gaskiya ce, kuma kirisin ma ya ragu daga jiya zuwa yau.

Ɗan siririn dattijo ne, gilashin duba ƙananan ƙarafa rataye a wuyansa da baƙin zare, idonsa na dama ya fi na hagu tsukewa saboda shekarun da ya yi yana matse gilashin nan. A kantarsa akwai agogunan hannu da masu su suka kawo gyara suka manta, da wani faranti cike da kusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba, da rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da roba. Bango kuwa agoguna ne sama da ƙasa, kowanne yana tafiya yana surutunsa. Guda ɗaya ne kawai a tsaye, kuma shi ne babbansu: na katako, mai lilo a ciki da ƙararrawa, hannayensa biyu sun kusa haɗewa a kan sha biyu.

Tun yana saurayi ya koyi aikin a hannun wani dattijo mai zafin rai, wanda bai taɓa yabon kowa ba har ya koma ga Allah. Abu biyu ya bar masa: babban agogon nan, da doka guda. Dokar ita ce, agogo mai bugawa ba a mayar da hannunsa baya. In ka tura dogon hannun baya bayan ƙarafunan bugun sun riga sun ɗana, wani ɗan haƙori zai lanƙwashe a ciki, shi ke nan ka kashe agogo. Gaba ake turawa a hankali, a tsaya masa ya buga abin da zai buga, sannan a ci gaba. Maigidan ya taɓa make masa bayan hannu da sukundireba a kan wannan, kuma har gobe in ya ga wani ya kai yatsa zai juya agogo hagu, wurin nan ne ke masa zafi.

Ya ga zamanin da sana'ar ke da daraja. Ma'aikata kan biyo da safe su saita agogunansu da nasa kafin su wuce ofis, direbobi ma haka, kuma in ya ce ƙarfe kaza ne, to ƙarfe kazan ne, ko rana ta ce ba haka ba. Da aikin nan ya yi aure, ya kama gida, ya sa 'ya'ya a makaranta. Sai waya ta zo ta shige aljihun kowa da lokacinta a goshi. Aiki ya koma sa batir da huda maɗaurin agogo, wata rana ma sai ya wuni ba wanda ya leƙo sai mai tambayar hanya. To, wani in aiki ya yi masa ƙaranci siyasa yake kamawa, wani ƙwallo. Shi ƙarshen duniya ya kama.

Rediyon nan ce ta jawo. Akwai shirin kimiyya da ba ya bari ya wuce shi, kuma a cikinsa ne ya ji cewa wasu masana suna da agogo na misali, wanda suke matsar da hannunsa kusa da sha biyu don nuna yadda ɗan Adam ya kusa halaka kansa. Baba ya ajiye matsefatar da ke hannunsa ya ce, yawwa, ashe akwai sauran masu hankali. Abin da ya rage masa daraja a aikin nasu shi ne, sai shekara ta zagayo suke taɓa agogon, kuma da surukinsa, mijin 'yarsa, ya nuna masa hotonsa a waya, ko lilo ba shi da shi. Shi kuwa ga na gaske a bango, a tsaye, hannunsa da ma bai yi nisa da sha biyu ba. Daga ranar, duk labarin da ya ji mai tayar da hankali sai ya jawo kujerar katako, ya hau, ya buɗe gilashin agogon, ya ɗan tura dogon hannun gaba.

Labarai kuwa ba sa ƙarewa. Yau ƙanƙarar ƙarshen duniya tana narkewa, teku zai hau tudu. Gobe ƙwayoyin cuta sun daina jin magani. Jibi an ƙera na'urar da ke kwaikwayon tunanin mutum, har masu ƙera ta sun fara tsoronta. Ga makaman ƙare-dangi, ga duwatsun da ke yawo a sararin samaniya ba direba ba birki. Baba ya haddace su duka, kuma ba ya rowarsu. Wanda ya zo sa batir na minti kaɗan sai ya fita da labarin tauraron da ya fashe, yana waiwaye.

Tela maƙwabcinsa, wani ƙaton mutum mai fara'a da kullum allura ke bakinsa, shi ya laƙaba masa sunan, kuma shi ke buɗe masa kasuwa kowace safiya.

"Baba, ina kwana. Yau me zai kashe mu?"

"Rana ce. Ta yi aman wuta, yana kan hanya. In ya iso, wutar lantarki da wayoyi duk sun tafi."

"Wutar lantarkin da tun jiya ba mu gan ta ba? To Allah ya sa ya bari in gama wannan rigar, don mai ita ta fi ranar zafi."

Baba sai ya girgiza kai, ya ce ku yi ta dariya, saura kiris. Sannan ya hau kujera.

A gida ma bai zauna haka ba. Ɗan ɗakin ajiyar da ke bayan kicin ya cika shi da jarkokin ruwa, da kyandir, da ashana, da batir, da gishiri, har da igiya da ba wanda ya san aikin da za ta yi ranar. Matarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, ba ta taɓa yi masa musu ba. Suna kawai ta sa wa ɗakin. In famfo ya ƙafe ko ashana ta ƙare sai ka ji ta ce wa 'yar aikin maƙwabta, ko ma shi kansa, "Leƙa ƙarshen duniya ka ɗebo min ashana." Ta fi kowa cin moriyar tsoron mijinta, kuma tana mayar da abin da ta ɗiba kafin ya lura.

Amma Inna ta san abin da layin bai sani ba, ko ya sani ya manta. Ba masana ne suka tsayar da agogon nan ba. Babban ɗansu, wanda ya tashi a shagon yana koyon aikin, shi ke murɗa masa makulli duk mako. Yana saurayi, zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar mako, kafin makon ya fita an binne shi. Ba rediyon da ta sanar, ba masanin da ya hango. Agogon ya ci gaba da tafiya da murɗawar yaron har ta ƙare, ya tsaya da kansa, uban kuma ya kasa ɗaukar makullin. Shekaru ya yi a tsaye ana tambayarsa dalili yana cewa sai ya samu lokaci. Da labarin masanan ya zo, ya samu amsar da ta fi wannan sauƙin faɗi, kuma ya samu aikin yi: tunda wancan ya zo masa ba sallama, to wani ba zai sake shammatarsa ba.

Kujerar da yake hawa kuwa tana da mai ita. Ta Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe. Tun ƙafarta ba ta kai ƙasa ba take zama a kanta tana riƙe masa farantin kusoshi, kuma ko da ta girma, ta zama malamar makarantar yara, ta auri mai gyaran waya (Baba ya ce duk mazan garin ta rasa wanda za ta kawo masa sai wanda ya kashe masa kasuwa), ba ta fasa ba. In ta taso daga makaranta sai ta biyo, ta zauna, ta cire takalmi, ta ba shi labarin ɓarnar yara, shi kuma ya ba ta na ɓarnar duniya. Ita kaɗai ke iya cewa ya kashe rediyo ya kashe. Wannan zaman shi ne abin da Baba ya fi so a duk wuninsa, ko da yake da za ka tambaye shi zai ce damunsa take yi.

Auta ta daɗe a gidan miji ba haihuwa. Ta sha zaryar asibiti, ta sha tambayar masu tambaya, har ta koyi yin murmushi tana canza zance. Ranar da ta zo da labarin, ba ta faɗa kai tsaye ba. Ta zauna a kujerarta, ta yi ta juya wani maɗaurin agogo a hannu, sannan ta ce wa kanta, ba shi ba, likita ya hana ta ɗaukar abu mai nauyi na wasu watanni. Baba ya zare gilashin daga ido ya dube ta. Murna ta cika shi har ya rasa inda zai ajiye matsefata, ya sa ta a aljihu ta soke shi. Ya yi ta hamdala, ya leƙa ya kira tela, ya fasa faɗa masa, ya dawo.

Sai rediyo ta yi abin da ta saba. An hango wani dutse a sararin samaniya, girmansa ya kai dogon bene, kuma masana sun ce akwai ɗan yiwuwar ya faɗo wa duniya nan da wasu shekaru. Ɗan yiwuwa suka ce, amma kunnen Baba ba ya jin "ɗan". Ya tsaya da baki buɗe, ya lissafa da yatsu, ya ce a hankali, "Lokacin jikan nan ya isa shiga makaranta ke nan." Sannan ya dubi agogo, ya dubi 'yarsa, ya ce, "Auta, ɗan tashi in hau."

Ta tashi. Ta tsaya a bakin ƙofa da takalminta a hannu tana kallonsa ya maƙala gilashi a ido, yana tura hannun agogo da bakin matsefata, don a lokacin abin da ya rage tsakaninsa da sha biyu bai fi kaurin zare ba. Ta yi dariya, don ta saba. Amma a hanyar gida dariyar ta gudu, kuma Inna ta ce ranar ko abinci ba ta iya ci ba.

Bayan 'yan makonni ta dawo da waya a hannu da fara'arta. Masanan sun sake aunawa, dutsen zai wuce abinsa. Ta karanta masa, ta ƙara da cewa mijinta ya ce an taɓa harba kumbo ya daki wani dutsen ya karkatar da shi daga hanyarsa, wato ko wani ya taso ba a zaune ake ba.

"Na ji wannan," in ji Baba. "Sun yi ƙoƙari."

"To hau ka mayar da shi baya. Ga kujera, na tashi da kaina."

"Ba a mayarwa."

"Su masu agogon ai an ce suna mayarwa in abu ya yi kyau."

"Nasu ba ya bugawa. Wannan ya riga ya ɗana, in na tura shi baya haƙorin zai lanƙwashe."

"Wato duk shekarun nan, in labari mai daɗi ya zo fa?"

Gaskiya ita ce labarai masu daɗi sun sha zuwa: an samo rigakafi, an ce rufin sama da ya huje ya fara haɗewa, an yi sulhu a can, an gano magani a nan. Duk ya ji su, ya ce madalla, amma agogonsa ba shi da inda zai sa su. Hanya ɗaya yake da ita.

Auta ta mayar da wayar jaka. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Baba, na sha wuya kafin in samu abin nan. Kullum na zauna a nan, agogon nan yana saman kaina yana ce min na makara. Ni ba zan iya ba, kuma ba zan kawo ɗana ya zauna a ƙarƙashinsa ba." Ta gaishe da tela, ta tafi.

Da farko Baba ya ɗauka fushin masu ciki ne, zai wuce. Bai wuce ba. Tana zuwa gida ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi ƙafarsa, ta shige wajen Inna. Gaisuwa ce cikakkiya wadda ba abin da za ka kama a ciki, kuma ita ta fi yi masa ciwo. Shagon kuwa ta ɗauke ƙafa ɗungurungum. In lokacin tashin makaranta ya yi sai ya ga kansa yana share kujera, yana rage muryar rediyo, yana leƙen titi kamar mai jiran bashi. Kewarta ta kama shi sosai, har ya sa wa wani mutum batir a juye, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaron shago.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba. Tela ya kawo ƙyalle ya ce a lulluɓe agogon. Aka lulluɓe, sai ya zama kamar an rataye gawa a bango, tela da kansa ya zo ya ƙwace ƙyallensa. Surukin ya zo har shago, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, da kun zare hannun gaba ɗaya kun mayar da shi kan ƙarfe tara, ai ba sai an tura shi baya ba." Baba ya dube shi da tausayi irin na wanda ya san ƙarfe yana kallon wanda ya san gilashi. Ya ce fuskar za ta ce tara, cikin yana nan a bakin sha biyu, kuma shi bai taɓa sayar da agogo maƙaryaci ba balle ya rataye shi a shagonsa. Aka ce to ya sauke shi ya kai gida. Inna ta ce in ya shigo mata da shi, a ƙarshen duniya zai kwana, shi da mai shi.

Ita ce dai ta faɗa masa, wata safiya yana ɗaura agogon hannunsa zai fita.

"Malam, kai da kake gyaran agogo, in ba a mayar da shi baya, ina ake bi da shi?"

"Gaba."

"To?"

"Gaba ai sha biyu ce."

"Sha biyun nan sau nawa ta yi a gidan nan tun da yaron nan ya rasu? Kullum tana yi, kullum ina ɗora tukunya. Wanda ya tafi bai jira agogonka ba. Ga mai zuwa, shi ma ba zai jira ba. Ka zauna kana gadin ƙofar da ba ta nan aka shigo mana ba, har ka kori wadda ta rage maka."

Ya fita ya manta hularsa, ta bi shi da ita.

Ranar ya sauke agogon, ya buɗe bayansa, ya share ƙurar shekaru, ya ɗiga mai a inda ake ɗigawa. Makullin yana nan a inda yaron ya saba ajiye shi, a kan ɗan katakon cikin akwatin. Ya daɗe da shi a tafin hannu kafin ya murɗa, kuma ya yi kuka kaɗan, ya ce wa tela man ne ya shiga masa ido. Ya mayar da agogon bango. Abin da ya rage kawai a taɓa lilon.

A nan kuma sana'a ta sake riƙe masa hannu. Mai gyaran agogo na gaske ba ya tayar da agogo a kan lokacin da ba shi ne ba. Tunda hannun yana gab da sha biyu, to sai gab da sha biyun rana za a tashe shi, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba. Kullum in rana ta kusa take tsakiya sai ya hau kujera, ya buɗe murfin, ya kai yatsa kusa da lilon, yana kallon sauran agogunan. Sai ya tuna ƙanƙara, ya tuna dutse, ya tuna makon nan na zazzaɓi. Kafin ya gama tunawa sauran agogunan sun wuce, sai ya sauko ya ce yau an makara, sai gobe.

Tela ya mayar da abin kallo. Lokaci na yi zai bar keken ɗinki ya zo ya jingina da ƙofa. "Baba, a sanar da jama'a ne ko yau ma an ɗaga?" Mai cajar waya ma ya fara leƙowa. Baba ya ce musu aikin lissafi ne, ba ɗinkin aljihu ba.

Ana cikin haka Auta ta sauka lafiya, aka samu mace. Baba ya je ya gani, aka miƙa masa ita, ya riƙe ta yadda yake riƙe agogon da ba nasa ba. Da ya buɗe baki zai yi magana sai ya ga Inna ta zuba masa ido, ya mayar da abin da ya taso masa ya yi addu'a kawai. Auta ta ce ta gode. Ya koma shago, kujera tana nan ba kowa.

Asibitin da ake kai jarirai rigakafi yana ƙarshen layin, ba yadda za a yi a je ba a wuce gaban benen ba. Wata rana da hantsi ya yi nisa, Baba yana kan kujera kamar kullum, yatsa a miƙe, tela a bakin ƙofa, sai telan ya gyara tsayuwa ya ce, "A'a, malama, sannu da fitowa." Baba ya waiwayo. Auta ce a tsaye a rana, jaririya a kafaɗa an rufa mata mayafi, jaka a ɗaya hannun. Ta gaishe shi daga nan inda take, taku ɗaya daga dokin ƙofa. Ta dubi agogon, ta ga an goge shi, ta ga hannun yana inda ta bar shi.

"Shigo daga rana mana," in ji shi.

"A'a, Baba, wucewa za mu yi."

Amma ba ta wuce ba. Ta gyara wa 'yar mayafi, ta tsaya. Agogunan bango suna ta matsowa, Baba yana jin su a bayansa ba sai ya duba ba. Tsoron da yake ji na gaske ne, ba na wasa ba, duk da shi kansa ya san ba abin da ke cikin akwatin nan sai ƙarfe da mai. Ya dubi 'yar ƙafar da ta leƙo daga ƙarƙashin mayafi tana shan rana saboda shi. Ya taɓa lilon.

Agogon ya yi tari, ya kama tafiya. Dogon hannun ya ɗan motsa, ya hau kan gajeren. Wani abu ya yi ƙara a ciki kamar tsoho zai tashi daga tabarma, sannan ƙararrawar ta fara, muryarta a dishe saboda daɗewa. Baba ya runtse ido ya riƙe bango. Ta yi ta bugawa, mutanen titi suna waiwaye, mai cajar waya ya fito da cokali a hannu. Da ta buga na ƙarshe sai wurin ya yi tsit. Wata mota ta wuce. Jaririyar, wadda aka tasa daga barci, ta tsala kuka da duk ƙarfinta.

Tela ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa, ya shafa tumbinsa. "To, Baba, ni dai ga ni. Bari in koma, ashe sai na gama rigar nan."

Auta tana jijjiga 'yar tana dariya, hawaye na zuba. Ta tako dokin ƙofa ta shigo. Ta ce, "Baba, ɗan sauko in zauna."

Ya sauko da kyar, ya goge kujerar da hannun riga. Ta zauna, ta cire takalmi, ta miƙa masa 'yar don ta nemi wani abu a jaka. Kukan ya lafa, ɗan hannun ya lalubo baƙin zaren da ke wuyansa ya damƙe. A kan kantar shagon rediyo tana ta bayani, an gano wani sabon abu a ƙarƙashin teku da masana suka ce a sa masa ido. Kunnen Baba ya tashi, ƙafarsa ma ta ɗan motsa wajen kujera, amma kujerar da mai ita a kai, hannuwansa kuma duka biyu a cike suke.

"Kashe ta," in ji Auta. Ya ce ta kashe da kanta, ba ta ga yana aiki ba?

Ta miƙa hannu ta kashe. Ta jingina da bango a ƙarƙashin agogon, ta ɗaga kai tana kallon lilon yana kai da kawowa.

"Yanzu saura nawa, Baba?"

Bakinsa ya buɗe zai faɗi abin da ya saba. Ya ɗaga ido ya duba, yadda mai sana'a ke dubawa kafin ya amsa. Dogon hannun ya riga ya sauka daga kan gajeren, ya yi gaba abinsa.

"Sha biyu ta gota," ya ce. "Ki zauna ki huta, da sauran rana."